Majigin da Kaka Ta Rataye a Hayaƙi

Ajinmu na yaƙi da jahilci a Gwagwalada yana da ɗan majigi, wanda malama take haska mana haruffa da shi a bango. Tun farkon damina haskensa ya fara ja da baya, har mu na bencin baya muka daina gane abin da aka rubuta. Da farko kowa ya yi shiru, don mutumin da ya haura arba'in, in abu ya dusashe masa, idonsa yake fara zargi. Sai ranar da wani ɗan ajinmu mai sayar da lemo a Zuba ya yi ta maza ya ce shi fa ba ya gani, muka gane ashe duk ajin ne. Aka kira mai gyara. Ya kwance murfin a kan teburin malama, ya buɗe 'yar kwalbar sifirit, ya tsoma auduga. Warin nan na sifirit da ƙura mai zafi shi ya tashe ni daga benci. Na ce wa malama zan sha iska. Na zauna a bakin baranda, kuma ban san lokacin da na koma ƙauyenmu ba.

Ƙauyen yana bayan Sheda, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar mutum da ƙafarsa. Kakanninmu daga arewa suka zo, suka zauna cikin Gbagyi, suka koyi noman doya a hannunsu. A lokacin ana cikin gina babban birnin ƙasar nan, amma mu labarinsa kawai muke ji, sai manyan motoci da muke hangowa a titi ɗauke da rodi da siminti.

Babana ya rasu ina rarrafe. Zazzaɓi ne ya kama shi a tsakiyar damina, rafi ya cika, ba a sami yadda za a haye da shi asibiti ba. Innata ta gama takaba, ta yaye ni, daga baya ta yi aure a ƙauyen da ke ƙetaren rafin, aka bar ni a hannun kakata, wato uwar babana, da baffana ƙaninsa. Ban rasa abinci ba, ban rasa mai goya ni ba. Abu ɗaya na rasa, wanda kai mai karatu wataƙila ba ka taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba: ban san fuskar ubana ba.

A zamanin nan manomi ba ya ɗaukar hoto sai da dalili. Babana sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa. Akwai wani malamin gona da yake zuwa a kan babur yana koya wa mutane zuba taki da zaɓen iri. Yana da majigi irin na da, wanda ake zura masa 'yan hotuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗan fallen leda ne mai duhu a cikin ɗan kwali. Babana ne yake ɗaukar masa kaya yana yi masa tafinta da Gbagyi. Wata rana a gonar gwaji aka ɗauki hoton doya, babana ya fito a ciki. Da aka yi wa malamin canjin wurin aiki, sai ya bar majigin da gwangwanin hotunan ajiya a gidanmu, ya ce zai aiko a ɗauka. Bai aiko ba. Shekara ba ta zagayo ba babana ya rasu.

To, a wurinmu abu mai daraja wuri ɗaya ake ajiye shi: saman murhu. Can ake rataye zangarniyar dawa da masarar iri, da daddawa, da duk abin da ake tsoron gara ko ƙwari su taɓa. Hayaƙi shi ne mai gadi. Kaka ta ɗaure majigin da igiya ta rataye shi a tsakiyar irin shuka, ta ɗora gwangwanin a kansa. Ba ta yi haka don rashin kula ba. Wurin da ya fi kowane wuri tsaro a gidan ta ba shi.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin ɗakin girkin nan. Jinkarsa ta yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto kamar gemun tsoho. Da damina itace ɗanye ne, hayaƙin yakan yi kauri har sai ka duƙa kafin ka yi numfashi. Lokacin girbi kuwa ƙamshin doya gasasshiya ke cika ko'ina. Ina zaune gefen murhu ina jiran rabona, in ɗaga kai in ga akwatin yana lilo a hankali, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na san babana yana can sama.

Wani lokaci baffa yakan sauko da gwangwanin ya ciro hoton, ya ɗaga shi saitin rana. Murfin gwangwanin yana da ƙarfi, don haka hayaƙi bai shiga sosai ba. Amma hoton bai wuce babban yatsa ba, kan kowane mutum a ciki kamar ƙwayar gero. In na ce, “Baffa, wanne ne?” sai ya nuna da yatsa, yatsan kuma ya rufe su duka.

Kaka ba ta taɓa nuna mini ba. Babana ɗan farinta ne, kuma ita ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Yana da rai ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido da ido. Mutuwa ba ta canza wannan ba. In dole ta ambace shi, sai ta ce “wancan mai tafiyar”. Ni kuwa mai gidanta take kirana, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin ta auri rago wanda ba ya kawo cefane.

Ina wajen shekara goma aka yi wani suna a maƙwabta. Mata suna zaune suna ta duba yara, wannan hancin ubansa ne, wancan kamar an tsaga kara. Da suka zo kaina sai suka yi shiru, ɗaya ta ce Allah ya jiƙan na ƙasa, aka wuce. Da muka koma gida na tambayi kaka da wa nake kama.

“Da biri,” in ji ta. “Miƙo mini muciya.”

Amma washegari da sassafe na ji tana ce wa baffa, “In ka kai doya Gwagwalada ka tambaya ko akwai mai tayar da abin can.”

Bayan an gama haƙar doya muka tafi, ni da kaka da baffa, a bayan akori-kura, a kan kayan doya, majigin yana nannaɗe cikin buhu a cinyar baffa. A bakin titi muka tarar da innata tsaye da goyo. Ba wanda ya ce shi ya gaya mata. Ta hau ta zauna nesa da ni, don ni ma ɗan farinta ne. Ta kalli kaka ta ce, “Yaron nan ya karya kuwa?” Gaisuwarta gare ni ke nan.

Mai gyaran da baffa ya samo mutumin kudu ne, rediyo ce sana'arsa, Hausarsa kuma ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” yake ce musu. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da gawar rediyoyi. Da baffa ya buɗe buhun, sai mutumin ya ja da baya ya toshe hanci.

“Oga, wannan majigi ne ko bandar kifi? Mama, kai ne ka dafa shi?”

“Da ban dafa shi ba, da gara ta cinye maka aikin,” in ji kaka.

Ya yi dariya, ya ce bari a fara gani ko yana da rai. Ya jona wuta. Abin mamaki, ƙwan fitilar ya kama. Amma hasken da ya fito bai kai na fitilar da kananzirinta ya ƙare ba, ja-ja, kamar rana a bayan hayaƙin ƙona daji. Ya ce ko an sa hoto ba abin da za a gani. Ya ce haske yana nan a ciki, hanya ce ba shi da ita, sai an kwance komai an wanke.

Haka muka zauna a benci muna kallo. Ya kwance kusoshi ya ɗaga murfi. Ciki ya fi waje muni. Hayaƙin shekaru ya zama wani abu mai danƙo kamar kwalta, ya lulluɓe komai, zanzaro har ya yi gini a jikin 'yar fankar da ke sanyaya ƙwan. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, duk abin da ya ciro sai ya ajiye shi a jere, don kada ya manta wanda ke bin wani. Akwai ɗan madubi mai zurfi kamar ludayi a bayan ƙwan. Akwai gilasai masu kauri, ɗaya kamar an raba lemo biyu. Akwai na can gaba a cikin bututu, wanda ake murzawa. Duka sun zama ruwan ƙasa, ba ka ganin yatsanka ta cikinsu.

Ya aika a kawo ruwan ɗumi daga wurin mai shayi. Ya jiƙa gilasan da ɗan sabulu, ya bar su su yi laushi, sannan ya ɗauraye. Ruwan ya koma kamar shayin da ba madara. Daga nan ya buɗe sifirit. Yakan naɗa auduga a tsinke, ya tsoma, ya shafa sau ɗaya tak daga tsakiya zuwa gefe, ya jefar, ya naɗa sabuwa. Tulin baƙar auduga ya taru a gaban ƙafarsa. Da ya zo kan madubin, bai goga ba, dangwalawa kawai yake yi, kamar mai share wa jariri ido.

Kaka ta gaji da kallo. “Kai yaro, wannan lallashin har yaushe? A samo toka mana. Da ita nake fitar da tasa.”

“Mama, toka zai cinye fuskarsa. Wannan ba tasa ba ne.”

“To, kai ka sani.”

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Shagon ya yi duhu, ya fito da teburin bakin ƙofa ya ci gaba da aiki. Kowa ya san abin da ke ran kowa. Muka yi sallar azahar, muka ci gasasshiyar masara, wuta ba ta dawo ba. Ni dai ina tsugune kusa da teburin. Ya ɗaga gilashin nan mai kama da rabin lemo ya ce in duba. Na ga kasuwar Gwagwalada gaba ɗaya a cikinsa, a kife, mutane suna tafiya da kai, tas kamar ruwan rijiya. Ban taɓa ganin abu mai tsabta haka ba.

Saura gilashi ɗaya. Shi ba shi da tudu, shimfiɗaɗɗe ne, launinsa kore-kore, kuma tun da aka ciro shi akwai tsaga a jikinsa. Yana cikin goge shi sai ya rabe biyu a hannunsa. Ya tsaya yana kallon gutsattsarin.

“Mene ne aikinsa?” in ji baffa.

“Oga, tsakani da Allah ban sani ba. Ni rediyo nake gyara. Ba ya ƙara girma, ba ya rage girma. In wuta ya zo mu gwada babu shi.”

Wuta ta dawo gab da la'asar. Ya mayar da komai mazauninsa, ya bar gurbin koren gilashin fayau. Bangon shagon duk kaya ne, don haka baffa ya cire farar rigarsa aka rataye ta a kan igiya. Aka rufe ƙofa, aka toshe taga da buhu. Ya kunna. Wani farin haske ya faɗa kan rigar, har muka kare idanunmu. Baffa ya yi kabbara. Ya ce ashe ma koren nan tare haske yake yi.

Mai gyaran ya ce a fara gwadawa da wani hoton daban, na taki ko na masara.

“In suka sake ɗauke wutar fa?” in ji kaka. “Ba masara na zo gani ba.”

Ba wanda ya iya yi mata musu. Tun safe muke jira, motar komawa kuma ba ta jiran kowa. Baffa ya ciro hoton, mai gyaran ya kaɗe shi da gashin kaza, ya zura.

Da fari wani kore ne kawai da ja a cakuɗe. Baffa ya koma bayan majigin yana murza bututun, sai ga gona ta fito a kan rigarsa. Jar ƙasa, ganyen doya, sama shuɗiya. Mutane kuma manya kamar za su yi magana. Wani yana tsugune a tsakiya riƙe da ƙatuwar doya. Wasu suna baya. A gefe guda kuma ga wani dogon mutum a tsaye, da farar hula, yana dariya, haƙoransa farare, hannunsa ɗaya a kan ƙugu.

Na ji kaka ta ce, “Allah sarki,” a hankali. Na waiga. Ta kawar da kai gefe, ta ja mayafi, da wutsiyar ido take kallo. Innata tana jikin ƙofa, ta sunkuyar da kai kamar amarya.

“Kaka, wanne ne?”

“Kai dai duba.”

“Baffa, wanne ne?”

“Ga shi nan kana gani!” in ji baffa daga bayan ƙarar fankar. “Jini ai ba ya ɓuya.”

To, sai na duba. Yaron da ya yi shekaru yana gina ubansa a zuci, wa zai zaɓa? Na zaɓi dogon. Na kafa masa ido, na bi shi daga hula har takalmi. Na haddace girarsa, da ɗan gemunsa, da yadda kumatunsa suka lotsa saboda dariya. Na ce a raina, ashe haka kake. Ban kalli kowa ba sai shi.

Wani wari ya fara tashi, irin na ledar da ta faɗa wuta. A tsakiyar hoton wani ɗigo ya yi rawaya, ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi, ya fashe. Farin haske ya ɓullo ta ramin, ramin yana faɗaɗa, bakinsa yana baƙi. Mai gyaran ya yi ihu ya fizge waya daga bango. Duhu ya rufe mu.

Aka buɗe ƙofa. Baffa ya zaro hoton yana hura masa iska, ya ɗaga shi saitin haske. Na leƙa ta ƙarƙashin hannunsa. Ramin yana tsakiya, amma a gefe na hango ɗan farin ɗigon nan na hula, lafiya lau. Daɗi ya kama ni.

“Alhamdu lillahi,” na ce. “Bai taɓa Baba ba.”

Kaka ta juyo ta dube ni sosai. Innata ta buɗe ƙofa ta fita. Baffa ya sauke hoton.

“Wancan malamin gona ne,” in ji shi. “Babanka shi ne na tsugune.”

Abin da ya rage na mai tsugunon gwiwa ɗaya ce da hannu riƙe da doya.

Mai gyaran ya zauna a ƙasa ya dafe kai, yana ta cewa, “Mama, ka yafe mini.” Kaka ta ce ya tashi, ba shi ya yi ba, kwanan hoton ne ya ƙare. Daga baya ne wani mai ɗaukar hoto ya gaya wa baffa cewa koren gilashin nan zafin ƙwan yake tarewa. Ya kuma ce da an kawo masa ɗan fallen tun farko, da ya wanke shi a takarda ba tare da majigi ba. Baffa ya dawo gida ya faɗa, muka ji. Me za a yi da sanin da ya zo bayan an gama?

Sun yi ƙoƙari, ba zan ce ba su yi ba. Baffa ya ce babana gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan dariya. Tsofaffin Gbagyi da suka yi noma da shi suka ce yana da saurin tafiya. Na ji duka, na yarda da duka. Amma ido ya riga kunne. Duk ranar da na ɗaga hannu ina yi wa ubana addu'a, dogon nan mai farar hula ne yake zuwa ya tsaya a gabana yana dariya. Na kore shi, na roƙe shi, ya ƙi tafiya. Yau na girmi babana da shekaru masu yawa, kuma har yanzu fuskar wani nake ɗauke da ita a gurbinsa.

Kaka ta rasu, baffa ya bi ta. Ƙauyen ma yanzu rabinsa filaye ne da aka kafa wa duwatsun shaida. Ba mai rataye iri a saman murhu, ana sayo shi a leda. 'Ya'yana kuwa kowanne wayarsa cike take da hotunana, ina cin abinci, ina barci, ina faɗa, har sukan goge wasu don wuri ya ƙare.

Bara babban ɗana ya ɗauki guntun hoton nan ya kai wani shago inda ake gyara tsofaffin hotuna da kwamfuta. Suka cike ramin. Suka haɗa da hoton baffa da nawa, suka fitar da wata fuska, kyakkyawa, suka ɗora ta a kan gwiwar nan da hannun nan. Ya kawo mini a waya yana murna. Na duba, ban ji komai ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya cewa e ko a'a.

Na hau mota na tafi ƙetaren rafi, wanda yanzu an yi masa gada. Innata ta tsufa ƙwarai, amma idonta garau. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon tabarma kamar yadda ta saba. Na ajiye wayar a gabanta. Ta daɗe tana kallo, carbi yana tsaye a hannunta.

“Kunnuwan ba haka suke ba,” in ji ta.

“Yaya suke, Inna?”

Ta ɗago kai ta dubi gefen fuskata, ɗan lokaci kaɗan, sannan ta mayar da ido kan carbinta ta ci gaba da ja.

A motar dawowa, tun daga Sheda har Gwagwalada, hannuna yana kan kunnena.